Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Arewa: Wa Zai Riƙe Baitulmalin Ƙaramar Hukuma?

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Gombe, kuma Shugaban Ƙungiyar Gwamnonin Jihohin Arewa, Alhaji Muhammadu Inuwa Yahaya.

 

Ranka ya daɗe, dalili biyu ne suka sa na nufo ka da wannan takarda. Na farko kujerar da kake kai: jihohi 19 ne a ƙarƙashin ƙungiyarku, kuma a cikinsu akwai ƙananan hukumomi 413 daga cikin 774 na ƙasar nan. Na biyu kuwa sana'arka. Akanta ne kai, a Jami'ar Ahmadu Bello ka yi karatun aikin, ka kuma zama kwamishinan kuɗi na jiharka a 2003. Ba sai na ɓata maka lokaci da bayanin mece ce bauca ba, ko me ya sa ake daidaita littafin kuɗi da takardar banki a ƙarshen wata. Ni ma a baitulmalin ƙaramar hukuma na yi aikina har na ajiye, don haka da harshen ofis ɗaya za mu yi magana.

Tun ranar 11 ga Yuli, 2024, da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da gwamnonin jihohi 36, zance ɗaya ake juyawa a gidajen rediyo da majalisun bakin titi: ta wace hanya kuɗin ƙaramar hukuma zai bi. Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma kantoma ko kwamitin riƙo ba su da gurbi a tsarin mulki. Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Sakataren Gwamnati, George Akume, don aiwatarwa, aka shiga ja-in-ja kan asusu da banki da masu sa hannu. Duk wannan yana da muhimmanci. Amma akwai tambayar da ban ji kowa ya tsaya a kanta ba, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ranar da kuɗin ya sauka, a hannun wa zai faɗa, kuma me aka koya wa mai hannun?

Kuɗin ba kaɗan ba ne. Kashi 20.60 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya na ƙananan hukumomi ne, jihohi 26.72, tarayya 52.68. A harajin kayan masarufi na VAT kuma kashi 35 nasu ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abin da ake rabawa a Abuja ya haura naira tiriliyan ɗaya a wata. Wannan dukiya ita ce maganin da babu a asibitin shan-ka-tafi na ƙauye, ita ce rijiyar burtsatsen da ta lalace ba a gyara ba, ita ce rufin ajin da iska ta yaye tun daminar bara.

Na san amsar da ake bayarwa a gidajen gwamnati, ko da ba a faɗa a bainar jama'a: ba za su iya ba, in aka sakar musu kuɗin, ko albashi ba za su biya ba. Ba zan ce maganar ba ta da tushe ba. A 1991 an miƙa wa ƙananan hukumomi ilimin firamare gaba ɗaya, kuma duk wanda ya yi wayo a lokacin ya san irin wuyar da malamai suka sha, wata da watanni babu albashi, makarantu a rufe saboda yajin aiki, har sai da aka dawo da hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1993 aka koma cire albashinsu tun daga tushe. Shi ya sa har gobe malamin firamare yake fargaba in ya ji ana batun cin gashin kan ƙananan hukumomi, kuma ban ga laifinsa ba. Sai dai, Ranka ya daɗe, in mun yarda cewa ba za su iya ba, wajibi ne mu tambayi yadda aka yi suka kasa, domin a wannan yanki namu akwai lokacin da suka iya.

Baitulmalin En'e ya girmi Najeriya mai mulkin kai da kusan rabin ƙarni. A Katsina aka soma shi zamanin Sarki Muhammadu Dikko, daga nan ya bazu zuwa sauran masarautu. Ba kewar haraji da jangali nake yi ba. Iyayenmu sun ba mu labarin wanda aka shanya a rana saboda kuɗin haraji, da Bafulatanin da ya tsallaka iyaka da garkensa don gudun jangali, kuma da gaskiyar 'yan jam'iyyar NEPU da suka yi yaƙi da wannan zalunci. Amma ta fuskar riƙon littafi, mutanen nan sun san aikinsu. Malamin haraji yana da ƙidayar magidanta unguwa-unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai wa ma'aji, kuma a kowane mataki akwai rasit. Ana tsara kasafin shekara, ana ajiye rara, kuma da wannan kuɗi aka gina makarantun elamantare da dispensare da hanyoyin motar da wasunsu har yau su ake bi. Ba daga sama wannan ƙwarewa ta faɗo ba, koyar da ita aka yi. A 1947 aka buɗe makarantar koyon aikin akawu a Kongo, Zariya, a 1954 ta zama Cibiyar Koyon Aikin Mulki, a 1962 ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello. Ma'aji da akawun En'e daga Sakkwato har Yola nan suke zuwa su zauna watanni, su yi jarrabawa, su koma bakin aiki da takardar shaida. Da aka yi garambawul na 1976 aka kafa ƙananan hukumomi 301 a kan tsari ɗaya, gwamnatin wancan lokaci ta gane cewa sabon tsari yana buƙatar sababbin ma'aikata, ta ware jami'o'i uku, Zariya da Nsukka da Ife, su riƙa horar da su. Aka kuma tanadi kashi ɗaya cikin ɗari na kason ƙananan hukumomi don horo, a hannun hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ta kowace jiha.

Abubuwa biyu suka rusa wannan gini. Na farko kuɗin mai. Da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, talaka ya huta, kuma ya cancanci hutun. Amma ba a zauna an gina wata hanya ta adalci da za ta maye gurbinsu ba, sai kowa ya zuba ido ga kason da ke zuwa daga sama. Ƙananan hukumomi suka yi ta ƙaruwa har suka kai 774 a 1996, ba tare da an ƙara masu koyarwa ko kujerun aji daidai da haka ba. Na biyu kuwa, kuma a nan ne magana ta iso ƙofarku, shi ne asusun haɗin gwiwa. Sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kafa shi ne don jiha ta karɓi kason ƙananan hukumominta, ta ƙara musu wani abu daga nata kuɗin shiga, ta raba musu. Abin da ya faru a aikace kowa ya sani.

Bari in nuna maka yadda ƙarshen wata yake a ofishin da na zauna. Ciyaman da ma'aji su tafi babban birnin jiha taron rabon kuɗi. Su dawo da takarda shafi ɗaya. A samanta an rubuta kason wata, a ƙasa jerin abin da aka cire: albashin malamai, fansho, kason masarauta, kuɗin horo, ayyukan haɗin gwiwa, da wasu layuka masu gajerun haruffa waɗanda ko ma'ajin bai san fassararsu ba. Abin da ya rage sai ya biya albashin ma'aikatan sakatariya, a sayi man janareta, shi ke nan. Kasafin shekara kuwa, a ɗauko na bara, a canza shekara a bangon, a ƙara wani abu a kan kowane layi, a kai ma'aikatar ƙananan hukumomi ta buga hatimi. Na ga matashi ya shigo da digirin akanta, idonsa a buɗe, yana tambayar ina littafin kadarori, ina jerin basussukan 'yan kwangila. Bayan 'yan shekaru ya daina tambaya, domin babu ranar da wani ya nemi waɗannan littattafai a hannunsa. Mutumin da ya shekara ashirin aikinsa bai wuce rubuta baucar albashi ba, bai taɓa tsara aikin da zai ci miliyan ɗari ba, bai taɓa zama ya auna ko gina kasuwa ya fi gyaran asibiti amfani a bana ba, yau shi ake nunawa ana cewa bai iya ba. Tsarin da ya hana shi taɓa kuɗin shi ne ya hana shi iyawa.

To, ina kashi ɗaya na horo? Ana cire shi duk wata, ba ya fashi. Mafi yawansa a bita yake ƙarewa. Na halarci irin wannan bita, kuma fasalinta ɗaya ne. A kama ɗakin taro a otal na kwana uku. Ranar farko ta tafi a jiran manyan baƙi da jawabin buɗewa. Ranar biyu wani masani ya karanta takarda da Turanci mai nauyi a kan ma'anar rarraba iko da tarihinsa a ƙasashen duniya, kashiya da mai karɓar haraji suna zaune a baya ba su ɗauki komai ba. Ranar uku a raba jaka da takardar shaidar halarta da alawus. Babu wanda aka ba littafin kuɗi aka ce ya cike, babu jarrabawa, babu wanda zai biyo mutum ofis bayan wata uku ya ga ko wani abu ya canza. Sunayen masu zuwa ma sau da yawa ba buƙatar aiki ke fitar da su ba, kusanci ne da mai rubuta jerin. Ban ga laifin ƙaramin ma'aikacin da ke murnar alawus ba, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Takaicina shi ne kuɗin da zai iya mayar da ma'aji ashirin aji na tsawon zango guda ya tafi a kuɗin ɗaki da shayin safe.

Alhali aikin da ke gaban mutanen nan ya fi na da wuya. Tun watan Janairun 2016 aka ce dukkan matakan gwamnati uku su koma tsarin lissafi na IPSAS, wanda ba ya tsayawa ga abin da ya shiga da abin da ya fita, sai an rubuta abin da ake bin hukuma da abin da take bi, da darajar kowane gini da mota da fili. Ma'aji nawa ne a ƙananan hukumominmu za su iya fitar da wannan rahoto da hannunsu? Abin da aka saba shi ne a ɗauko ɗan kwangila daga birni ya haɗa, a biya shi, ya tafi da iliminsa. A watan Yunin 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta hana cire tsabar kuɗi fiye da naira dubu 500 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka garzaya kotu, amma ban ji an tara kashiyoyi an koya musu yadda za su yi aiki da biya ta banki ba. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70, kuma ma'ajin da bai tantance jerin ma'aikatansa ya fitar da na bogi ba, ba zai taɓa sanin ko hukumarsa za ta iya ɗaukar wannan nauyi ba.

Akwai kuma asarar da ba a gani. Ranka ya daɗe, ka san yadda ake raba kason nan tsakanin ƙananan hukumomi: kashi 40 daidai wa daida, 30 bisa yawan jama'a, 10 faɗin ƙasa da yanayinta, 10 ci gaban jin daɗin jama'a, 10 ƙoƙarin tara kuɗin shiga. Waɗannan biyun na ƙarshe da alƙaluma ake cin su, irin su yawan yaran da ke makaranta da gadajen asibiti da abin da aka tara a gida. Hukumar RMAFC mai tsara wannan rabo ba ta san abin da ba a rubuta aka kai mata ba. Ƙaramar hukumar da ba ta da jami'in tsare-tsare mai iya tattara waɗannan bayanai tana zubar da haƙƙin jama'arta duk wata, ba tare da kowa ya sace ko kwabo ba.

Inda na fi son ka dakata ka duba shi ne kuɗin shiga na cikin gida, domin nan ne ake gane ko ƙaramar hukuma gwamnati ce ko wurin biyan albashi. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki ya ba ta kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kuɗin gidaje da lasisin shaguna da na keke da amalanke. Arewa kuwa ba ta rasa kasuwa ba. Dubi hatsin da ke shiga Dawanau, da shanun Potiskum da Wudil, da dabbobin da ke tsallakowa daga Nijar zuwa Maigatari da Mai'aduwa da Illela, da kasuwar Kumo a jiharka. Amma je ka tsaya a ƙofar wata kasuwar ƙauye ranar cinta. Za ka ga mai karɓar haraji da ɗan littafin rasit a aljihun gaba. Mai buhu biyu ya biya a yaga masa, mai buhu goma ya yi ciniki ya ba da rabi ba rasit, mai mota ya wuce saboda ta wani babba ce. Da yamma a kai wa kashiya abin da aka ga dama, shi kuma ba shi da abin da zai gwada da shi, domin babu wanda ya taɓa ƙirga rumfunan kasuwar, balle a san abin da ya kamata ta kawo. Tsohuwa mai sayar da daddawa ita ce ba ta da bakin ciniki, ita ke biya cif. Wannan mutum mai rasit, sau da yawa ma'aikacin wucin gadi ne da bai taɓa zama a aji ko na yini ɗaya a kan aikinsa ba, kuma shi ne fuskar gwamnati da talaka ya fi gani. Abin da yake buƙata ba shi da tsada: a koya masa yadda ake ƙidayar rumfuna da shaguna a yi rajista, yadda ake lambar rasit a bi sawunsa, abin da doka ta halatta a karɓa da wanda ta hana, da yadda ake karɓa ta na'urar POS kuɗin ya wuce asusu kai tsaye. A kuma kafa allo a ƙofar kasuwa da farashin kowane haraji, don mai biya ya san haƙƙinsa.

Kansiloli ma an bar su a baya, alhali su doka ta ba amincewa da kasafi da bin diddiginsa. Yawancinsu mutanen kirki ne da unguwa ta sani, amma an rantsar da su an miƙa musu kundi mai kauri da Turanci an ce su amince. Wanda bai san bambancin kuɗin ayyukan yau da kullum da na manyan ayyuka ba, yaya zai tambayi ciyaman dalilin da ya sa kuɗin tafiye-tafiye ya fi na magani? Haka oditan cikin gida, wanda ƙa'idar kuɗi ta ƙananan hukumomi ta ba shi ikon tsayar da baucar da ba ta cika ba, ya kuma kai ƙara sama in an matsa masa. Da yawansu ba su taɓa riƙe kwafin wannan ƙa'ida a hannu ba.

A nan batun harshe ya shigo. En'e da Hausa ta yi aikinta, da ita ake rubuta wasiƙu da tsare-tsare, kuma lissafi bai ɓace ba. Ban ce a daina koya wa akanta Turancin aikinsa ba. Amma kansila da mai karɓar haraji da shugaban 'yan kasuwa da kwamitin unguwa, a koya musu da harshen da suke tunani da shi, Hausa ko Fulatanci ko Barbarci ko Nufanci ko Tibi, duk wanda aka fi ji a wurin. A fitar da kasafin kowace ƙaramar hukuma a taƙaice shafi biyu, a manna a sakatariya da ƙofar hakimi, a karanta a rediyo. Jama'ar da ta san nawa ya shigo ita ce oditan da ba a iya yi wa canjin wurin aiki.

Kada kuma a ɗauka horon na mutanen ƙasa ne kaɗai. Jami'an ma'aikatar ƙananan hukumomi da 'yan majalisar jiha sun saba da aiki ɗaya, riƙe kuɗi da ba da izini. In iko ya sauka ƙasa, aikinsu zai koma sa ido da kafa ƙa'ida da taimako, kuma wannan ma fanni ne da ake koya. Ofishin Odita Janar na Ƙananan Hukumomi shi ya fi kowa buƙatar ƙarfafawa. A jiha kamar Kano mai ƙananan hukumomi 44, ko Katsina mai 34, ko Borno da Jigawa masu 27 kowacce, in babu isassun oditoci da motar zagaye da 'yancin faɗin abin da suka gani, rahoton shekara zai riƙa fitowa ne bayan wanda ya yi ɓarnar ya daɗe da barin kujera.

Maƙwabtanmu sun riga mu gane wannan. Kundin tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ware wa gundumomi aƙalla kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa, kuma ba su tsaya nan ba, a 1999 suka kafa cibiya ta musamman don horar da ma'aikatan gundumomi da zaɓaɓɓun wakilai, tana da mazauni a Accra da Tamale. Kasonmu ya fi nasu nesa ba kusa ba, kuma makarantarmu ta girmi tasu da fiye da shekara hamsin. Kongo tana nan, sashen nazarin ƙananan hukumomi yana nan, malamai suna nan. Abin da ya yanke shi ne igiyar da ta haɗa ta da baitulmali.

Ga roƙona, Ranka ya daɗe. Ka sa wannan batu a ajandar taronku na Kaduna, ku fara da abu mafi sauƙi: kowace jiha ta bayyana nawa aka cire na horo a shekarun baya-bayan nan, wa aka horar, a kan me. Daga nan ku amince cewa mafi yawan wannan kuɗi zai koma karatu na gaske, mai manhaja da jarrabawa, a Kongo da Jami'ar Bayero da Jami'ar Maiduguri da jami'o'in jihohi da kwalejojin kimiyya da fasaha, bisa manhaja guda da jihohi 19 suka yarda da ita. Kun riƙe kamfanin NNDC tare shekara da shekaru, don haka haɗa hannu a kan manhaja ɗaya ba zai gagare ku ba. Karatun kuma kada ya ƙare a aji. Malami ya bi ɗalibinsa har sakatariya, su buɗe littafin kuɗin hukumar na gaske, su daidaita shi da banki tare, su fita kasuwa su ƙirga rumfuna. Muna da tsofaffin ma'aji da oditoci da suka yi ritaya suna zaune a gida da ilimin da ba a rubuta a ko'ina ba, kuma da yawansu za su yi wannan aiki da farin ciki in an kira su.

Sai dai horo ba zai yi amfani ba in ba a kare wanda aka horar ba. A kafa doka cewa ba mai zama ma'aji ko odita sai da takardar shaidar wannan karatu, kuma ba a ɗaga shi daga kujera sai da dalili a rubuce. Na ga ma'ajin da ya ƙi sa hannu a baucar aikin da ba a yi ba, kafin mako ya zagayo takardar canjin wurin aiki ta iso shi, zuwa can ƙarshen jiha inda ba makarantar da zai sa 'ya'yansa. Duk ma'aikatan da suka ga an loda kayansa a mota sun ɗauki darasi, kuma darasin ya fi na kowace bita shiga jiki. Muddin wannan yana faruwa, ko Ingila aka kai mutum karatu, in ya dawo zai sa hannu.

Na san wani zai ce a bari sai an gama horon sannan a saki kuɗin. Wannan ita ce hanyar da za a shekara goma ana jira. Hukuncin kotu ba ya jiran kowa, kuma ba a ƙware a riƙon kuɗin da ba a taɓa gani ba. Wani kuma zai ce a saki kuɗin, horo ya biyo baya in an samu sarari. Shi ma ya manta cewa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma in aka sake maimaita abin da ya faru da malamai a 1991, da wannan za a kafa hujja a mayar da komai hannun jiha har abada. Dole biyun su tafi tare, kuma gwamna ne kaɗai yake da ikon haɗa su, domin hukumar ma'aikata da kuɗin horo da ofishin odita duk a ƙarƙashin dokar jiha suke.

Jiharka ƙananan hukumomi 11 take da su, daga Nafada zuwa Shongom. Ma'ajinsu da oditocinsu da shugabannin sashen haraji duka ba za su cika aji ɗaya ba. Ina roƙonka ka fara da su a wannan shekarar kuɗi, ka sa kowane ma'aji ya fitar da rahoton ƙarshen shekara da hannunsa ba tare da ɗan kwangila ba, a buga shi kowa ya gani, sannan ka ɗauki sakamakon ka ajiye a gaban takwarorinka goma sha takwas.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka mashawarta na gari.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Tsohon ma'aikacin baitulmalin ƙaramar hukuma.